Yadda Ake Kiyaye Hanya da Isar da Labarin Tsaro a Karkara Lokacin Hunturu

Daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, wata shekarar ma har cikin Maris, iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga Hamadar Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shimfiɗa ta a kan ƙasar Hausa. Hunturu ke nan, kuma yakan zo daidai lokacin da hanyoyin karkara suka fi cika, domin an gama girbi, manyan motoci na jigilar buhuna zuwa kasuwar Dawanau, fatake na kora dabbobi zuwa Maigatari ran Alhamis, Wudil ran Juma'a, Mai'adua ran Lahadi, bukukuwan aure sun yawaita, 'yan ci-rani kuma sun kama hanya. Kuɗi na yawo a aljihun mutane a daidai watannin da ido ya daina ganin nesa, wannan haɗuwa kuwa tana yi wa hatsarin mota daɗi, tana kuma yi wa ɓarawo daɗi. Idan hazo ya rage wa ido ƙarfi, dole kunne ya karɓi aikin, wato sahihin labari ya riga matafiyi isa inda zai je. Matakan da ke tafe sun shafi ɓangarorin biyu ne, shirin matafiyi shi kaɗai da kuma shirin gari baki ɗaya.

Mataki na farko: a nemi labarin hanya tun daren jiya

Tafiyar gobe da daddare ake fara ta. Wanda zai kama hanya ya je tasha bayan magariba, ko ya buga wa wanda ya sani a can waya, ya nemi direban da ya shigo daga hanyar da zai bi a wannan yinin. Labarin ɗan kamasho na da amfani domin shi ke ganin kowace mota da ta shigo, amma na direban da ya bi hanyar da kansa ya fi shi, na ɗan acaɓan da ke ratsa ƙananan hanyoyi kuma ya fi na kowa idan tafiyar ta cikin ƙauyuka ce. Kada a tsaya ga tambayar "Ya hanya?", domin amsarta kullum "Lafiya lau" ce. A yi tambayoyin da dole a amsa su da bayani: da ƙarfe nawa ya wuce wuri kaza, a ina ya tarar da shingen jami'an tsaro, akwai motar da ta lalace a kan kwalta, akwai kwalbatin da damina ta cinye gefensa ba a gyara ba, kuma akwai garin da aka ce kada a wuce shi bayan la'asar.

Bayan haka a saurari rediyo. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, wato NiMet, takan fitar da gargaɗin ƙura da hazo na kwanaki masu zuwa, gidajen rediyo irin su Rediyon Tarayya na Kaduna da tashoshin jihohi kuma sukan karanta shi. Sai dai hasashen na yanki ne mai faɗi, saboda haka kowane gida na bukatar ma'auninsa. A zaɓi abubuwa biyu ko uku da ake hangowa daga ƙofar gida a ranar da gari ya washe, misali wata kuka a bakin gari, hasumiyar masallacin Juma'a, da eriyar kamfanin waya da ke can nesa. Idan da safe ana ganin eriya, hanya a buɗe take. Idan eriya ta ɓace amma ana ganin kuka, a tafi a hankali. Idan kukar ma ta ɓace, a sha koko a jira rana ta ɗaga.

Lokacin tashi shi ne abin da aka fi yin kuskure a kansa. Sammako al'adarmu ce, kuma a bazara yana da hikima, amma a hunturu fita da duku-duku na haɗa wa mutum duhu da hazo da sanyi a lokaci guda, ga hanya babu kowa, wanda shi ne abin da mai tare hanya ke so. A bari rana ta fito, motocin haya su fara kai-komo. Haka nan a lissafa dawowa tun kafin a tafi, a tuna cewa yinin hunturu gajere ne, magariba na saurin yi. Wanda ya san ba zai iya isowa gida kafin faɗuwar rana ba, ya shirya wurin kwana a can. Sannan mutum ɗaya a gida, mai riƙe sirri, ya san hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa. Mutum ɗaya na ce, ba majalisa ba, musamman idan tafiyar ta sayar da hatsi ce ko dabba.

Mataki na biyu: a duba abin hawa da safe, kafin a tayar da shi

Ƙura ce babbar abokiyar gabar inji a wannan lokaci, don haka a ciro matatar iska a kakkaɓe ta akai-akai, idan ta toshe a canja. A duba ruwan lagireto da baƙin mai da man birki. Batirin da ya tsufa a sanyin safiya yake nuna halinsa, wanda kuwa motarsa ta fara jan numfashi kafin ta tashi, gara ya kai ta wurin mai gyaran lantarkin mota a gari da ta mace masa a daji. Iskar taya kan ragu da sanyi, a auna ta kafin a yi tafiya, har da ta safaya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin kada a ci gaba da amfani da tayar da ta haura shekara huɗu, ko da zanenta bai gama cinyewa ba.

Gilashi da fitilu su ne idon mota. Kada a goge ƙurar gilashi da busasshen tsumma ko a kunna waifa a bushe, domin yashin da ke cikin ƙurar yakan karce gilashin, daga baya hasken motar da ke tahowa ya riƙa tarwatsewa a kansa. A fara zuba ruwa, sannan a goge. A wanke fitilun gaba, a kuma zagaya baya a wanke jajayen fitilu da na sigina, waɗanda su aka fi mantawa da su alhali su ne ke hana na baya afka wa mutum. A sa wani ya tsaya a baya a taka birki ya tabbatar suna kamawa. A cikin mota a ajiye galan na ruwa, tocila, jak da abin kwance taya, alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli, da waya mai cikakken caji da kati a ciki.

Mataki na uku: tuƙi a cikin hazo

Ƙa'ida guda ce ke riƙe da sauran duka: kada gudun mota ya wuce abin da za a iya tsayar da ita a cikin tazarar da ido ke gani. Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa, mai gudun 60 tana cin kusan 17, mai gudun 40 kuma kusan 11. Kafin direba ya gane abin da ya gani, ya ɗauke ƙafa daga totur ya ɗora a birki, daƙiƙa ɗaya da wani abu ta wuce. Bayan haka, idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yakan ninku sau huɗu. Don haka mutumin da ke ganin taku hamsin kacal a gabansa, yana kuma gudun 80, ya riga ya miƙa ransa da na fasinjojinsa ga abin da bai gani ba tukuna.

Na ga wannan da idona wata safiya a watan Janairu, ina zaune a gaban wata motar haya a kan hanyar zuwa kasuwa. Direban dattijo ne, yana tafiya kamar mai jan ƙafa, wani matashi a baya yana ta ƙorafi cewa za a ci kasuwa babu shi. Can sai wani abu ya bayyana a gabanmu kamar bukka ta taso ta zauna a tsakiyar kwalta. Amalanken shanu ce, an lafta mata kara har ya fi ta faɗi, babu fitila, babu ƙyalle, yaron da ke kora ta ya naɗe kansa da kunnuwansa da bargo bai ma ji mu ba. Motar ta tsaya har karan na gogar gilashi. Direban ya juya ya ce wa matashin, "Ɗana, da na bi maganarka, da yanzu wa za a kai kasuwa?" Matashin ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Babu wanda ya sake magana har muka isa.

A kunna fitila ko da rana ce, amma ƙarama, wadda direbobi ke kira dim. Babbar fitila a cikin hazo tana dukan ƙura ne ta dawo wa direba a ido, ta kuma makantar da mai tahowa. A ɗan sauke gilashin gefe saboda dalili biyu, na farko don kada numfashin fasinjoji ya rufe gilashi daga ciki, na biyu don a ji ƙarar abin da ba a gani ba, a kuma rage rediyo. A bar tazara mai yawa tsakanin mota da ta gaba, ta yadda idan ta wuce wata alama a gefen hanya, mutum zai iya ƙirga ɗaya zuwa biyar a natse kafin shi ma ya iso wurin. A hanyar burji, inda babbar mota ke tayar da ƙurar da ta fi hazon kansa duhu, a ja baya sosai har ƙurar ta lafa. Shiga cikin wannan ƙura da niyyar wuce babbar mota na daga cikin hanyoyin da suka fi saurin kai mutum ga karo gaba da gaba, kuma a ganina babu uzurin da ya kai a yi shi.

Akwai abubuwan da suka keɓanta da hanyar karkara a wannan lokaci, ya kamata direba ya riƙa tsammaninsu tun kafin ya gan su. Manoma kan shanya amfanin gona a gefen kwalta su tokare shi da duwatsu. Garken shanu na ƙetare hanya zuwa gonakin da aka girbe ko zuwa fadama. Masu ƙona daji da masu farautar gafiya kan tayar da hayaƙin da ke kwanciya a kan hanya. 'Yan makaranta na tafiya a gefen titi da safe sun dunƙule cikin rigunan sanyi. Idan an shigo gari, dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa, a ranar kasuwa kuwa ko rabin haka ya yi yawa. A kwana da kan gada da gangaren rafi a yi oda kafin a shiga.

Ido ba hazo kaɗai zai lura da shi ba. Idan hanyar da aka saba ganin motoci a kanta ta yi tsit, an yi tafiya mai tsawo babu mota ko babur ɗaya da ya taho daga gaba, wannan shirun labari ne. Idan mai tahowa ya yi ta walƙa fitila yana yi wa mutane alama da hannu su koma, a gaskata shi. A tsaya a gari na ƙarshe da aka samu mutane, a tambaya, a jira wata mota ta fito daga can. Kada a tsaya a daji don wani ya ɗaga hannu ko don an ga itace a gicce, idan akwai halin juyawa daga nesa a juya.

Mataki na huɗu: masu babur, amalanke da masu tafiya a ƙasa

Mai babur ya fi kowa shan wahalar hunturu, domin iska na sa idonsa hawaye, sanyi na daskarar masa da yatsun da zai kama birki da su. Ya sa hular kwano mai gilashi, ko aƙalla tabarau mai haske, da safar hannu. Rawani na kare hanci da baki, amma ba ya kare ƙoƙon kai, kuma idan aka naɗe kunnuwa da shi ba a jin oda. Goyon mutum uku da buhu a kan yashi shi ke kawo zamewa, mata kuma su tattara bakin hijabi da zane kada sarƙa ko taya ta kama. Masu amalanke su nemi tef mai ƙyalli, irin wanda ake liƙa wa manyan motoci, su manna a bayan amalanke da gefenta, su kuma ɗaura farin buhu a ƙarshen kayan da ya zarce. Dagacin da ya sa aka yi wa duk amalanken garinsa haka ya yi aikin da ya fi dogon jawabi. Mai tafiya a ƙasa ya bi gefen da yake fuskantar motocin da ke tahowa, da daddare ya riƙe tocila a kunne.

Mataki na biyar: idan mota ta lalace ko an yi hatsari

A fitar da motar daga kan kwalta gaba ɗaya ko da turawa ne, a kunna sigina ta ɓangarori biyu, fasinjoji su sauka su tsaya nesa da titi. A ajiye alama mai ƙyalli can baya, taku hamsin zuwa ɗari, a ƙara da ganye kamar yadda aka saba, amma idan an gama gyara a kwashe ganyen da duwatsun da aka tokare taya da su, domin dutsen da aka bari a kan hanya shi ke kayar da mai babur da daddare.

Idan hatsari ne, a Najeriya a kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112, lambar gaggawa ta ƙasa. Wanda ya ƙetara Nijar ta Maigatari ko Kwangwalam ya san cewa a can 17 ce ta 'yan sanda, 18 kuma ta 'yan kwana-kwana. A faɗi sunan gari mafi kusa da adadin waɗanda suka ji rauni. Kafin taimako ya zo, a danne wurin da jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa, kada kuma a fizgo wanda ke kukan wuya ko baya sai idan wuta na barazana, in dole ne a ɗauke shi a kan allo ko ƙofa, kansa da jikinsa a miƙe. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, wata dokar ta 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Idan tankar mai ce ta faɗi, a gudu nesa a kuma hana yara matsawa. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa a watan Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, da na mahaɗar Dikko a Jihar Neja a Janairun 2025, ya isa ya sa kowane liman ya maimaita wannan gargaɗi ran Juma'a.

Mataki na shida: gari ya tsara yadda labari zai riƙa tafiya

Duk abin da aka faɗa a sama ya dogara ne ga samun labari a kan lokaci, wannan kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. A fara da zama a ƙofar gidan dagaci, da masu unguwanni, limamai, shugaban 'yan sintiri, wakilin direbobi da na 'yan acaɓa, sarkin kasuwa, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, shugaban makaranta, arɗon rugagen da ke kewaye, da wakiliyar mata. Na ambaci arɗo da gangan, domin makiyayi ne ke kwana a dajin da sauran mutane ke tsoro, shi ake fara sace wa dabba, kuma garin da ya ware shi daga shawara ya toshe wa kansa kunne ɗaya. Mata kuma su ke fara lura da baƙuwar fuska a bakin rijiya, da wanda ya zo ya sayi burodi ko abinci mai yawan da ya fi ƙarfin gida ɗaya.

A wannan zama a zaɓi mutum uku, ba fiye ba, waɗanda su kaɗai ne ke da ikon fitar da sanarwar tsaro da sunan gari. A zaɓe su don natsuwa da riƙon amana, ba don yawan magana ba. Kowa na iya kawo musu labari, amma kafin su fitar da shi sai sun tabbatar daga baki biyu da ba su ji daga juna ba, sai dai idan wanda ya gani da idonsa ne ke magana kuma haɗarin na kan hanya. A rubuta lambobinsu, da ta baturen 'yan sanda na yankin, da ta jami'an Sibil Difens, da ta sansanin soja mafi kusa idan akwai, da ta direba biyu da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare, a takarda, a manna a masallaci da shagon caji da tasha. A jihohin da gwamnati ta kafa nata dakarun sa-kai, kamar Katsina a 2023 da Zamfara a farkon 2024, a haɗa da lambar shugabansu na yankin. A kuma ƙulla irin wannan alaƙa da garuruwan da ke gaba da baya a kan hanya, domin labarin da zai cece ku yawanci daga maƙwabta zai fito.

Sanarwa mai amfani tana ɗauke da abubuwa biyar: me ya faru, a ina, yaushe, wa ya gani (ba tare da ambaton sunansa ba), da abin da ake so mutane su yi. Idan saƙon murya ne, mai magana ya fara da sunansa da sunan garin da ranar da lokacin, da bakinsa, a cikin saƙon. Misali, bayan ya faɗi sunansa da na garin, ya ce, "Yau Talata, sha biyu ga wata, ƙarfe huɗu na yamma, an ga babura shida ɗauke da mutane da makamai sun ƙetara rafi sun yi yamma, mai noman rani a wurin ne ya gan su, kada kowa ya bi hanyar fadama sai an sake sanarwa." Dalilin faɗin rana shi ne saƙon murya ba ya mutuwa. A wani gari da na sani, wata rana da hantsi wani saƙo ya shiga wayoyin mutane, wata murya na kuka tana cewa ga su nan sun taho. Kasuwa ta watse, aka tattake tumatir da tasoshin masu abinci, wata tsohuwa ta karye a hannu, wata mota ta kusa afkawa rami. Da yamma aka gano cewa saƙon ya fi shekara, kuma daga wata jiha ma ya fito. Abin da ya fi ciwo shi ne bayan makonni da gargaɗin gaske ya zo, mutane da yawa suka ce irin na rannan ne.

Idan an buɗe zauren WhatsApp, a yi biyu. Ɗaya na sanarwa, a saita shi yadda masu kula da shi kaɗai ke iya turawa, ɗaya kuma na hira da gaishe-gaishe. Saƙon da ya zo da alamar kibiya biyu, wadda ke nuna an yi ta tura shi daga hannu zuwa hannu, kada a ɗauke shi shaida. Kada a rubuta a zaure inda 'yan sintiri za su kwana, ko lokacin da jami'ai za su zo, ko sunan wanda ya kawo rahoto, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma an sha kama masu kai wa 'yan bindiga bayani a cikin garuruwan da ake kai wa hari. Irin wannan magana baki da baki ake yin ta.

Kada kuma a jingina komai ga waya. Mutanen Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato sun ga yadda aka katse layukan sadarwa a watan Satumban 2021 na tsawon makonni, ko ba haka ba ma sabis na ɗaukewa, batir na mutuwa. A amince da alamar da kowa zai gane, ko bugun ƙarfe ko usur ko ganga, a bambanta ta gobara da ta ɓarayi, domin a hunturu gobara ma na yawaita saboda garwashin jin ɗumi da busasshen kara. A faɗa wa mata da yara inda za su nufa idan sun ji kowacce. Lasifikar masallaci da sanƙira su isar da abin da ya shafi kowa, a kuma ware matasa biyu masu babur da za su kai saƙo garin maƙwabta idan waya ta ƙi. Idan haɗari ya wuce, waɗanda suka fitar da sanarwa su ne za su sake fitowa su ce an buɗe hanya, in ba haka ba kowa zai yanke wa kansa hukunci.

Mataki na bakwai: iyakar da ba a ƙetarewa

Aikin gari shi ne gani da sanarwa da miƙa wanda ake zargi ga hukuma. Duka da ƙonawa ba tsaro ba ne, kisan kai ne. Mu da aka kashe mana mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyar komawa Kano, bisa zargin da ba a tsaya bincike ba, mun fi kowa sanin abin da ihun "ɓarawo" ke jawo wa matafiyi marar laifi. Baƙon da dare ya yi wa a garinku, a kai shi wurin mai unguwa, a tambaye shi cikin mutunci, a kira wanda ya ce ya san shi. A sanarwa a siffanta abin da mutum ya aikata da kayan da ke jikinsa da inda ya nufa, kada a ambaci ƙabila a matsayin shaida, kada a yaɗa hoton wani da sunan mai laifi. 'Yan sintirin da suka kafa shinge da daddare su sa fitila da riga mai ƙyalli, su sanar da 'yan sanda, domin direban da ya hango itace a gicce cikin hazo ba shi da hanyar bambance su da 'yan fashi.

Mataki na takwas: labaran mako

Hanyar sanarwar da ba a amfani da ita sai ranar tashin hankali takan yi tsatsa. Saboda haka sau ɗaya a mako, bayan sallar Juma'a ko a daren kasuwa, ɗaya daga cikin mutum ukun nan ya karanta labaran gari a taƙaice: ranar da masu allurar rigakafi za su zo, famfon da ya lalace da kuɗin da aka tara don gyara shi, akuyar da aka tsinta, kwalbatin da aka cike da ƙasa, ɗaurin auren da zai jawo baƙin motoci don kada a tsorata da su. A wannan lokaci na shekara a ƙara da tunatarwa cewa zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya alamun sanƙarau ne, a garzaya asibiti, kuma kada a kwana da kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe ko'ina. A sayi littafi mai bango mai ƙarfi a ajiye a wurin magatakardan dagaci, a riƙa rubuta kowane hatsari da kowace sata da rana da wuri da lokaci. Kafin hunturu ya fita, littafin zai nuna wace kwana ce ke kayar da babura, wane dare na mako ake yawan sata, kuma da shi dagaci zai je gaban hakimi da shugaban ƙaramar hukuma ya nemi a gyara wurin ko a ƙaro jami'ai, yana buɗe shafi yana nuna ranaku.